Shaidar Gidanmu a Murfin Firij

Tambuwal.

Zuwa ga ɗiyata Inno,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Goggonki da mutanen gidanta. Allah ya sa kin fara sabawa da Kebbe, ya tsare ki a duk hanyar da aiki zai bi da ke.

Firijin ya isa Kaduna. Matar da na saya a hannunta ta karɓa, ta turo mini hotonsa a ƙofar shagonta, ta ce mai gyaranta zai buɗe shi. Abin da ya gani a ciki shi zai raba gardama. In matsalar daga inji take, za ta mayar mini da kuɗina in sayo miki wani kafin ku fara zagayen yi wa shanu rigakafi. In daga murfi take, hasarar tamu ce, kuma Baffanki Mani ne zai ɗauke ta a ransa, domin shi ya ɗora wa murfin ƙarfe mai zafi.

Sauran labarin gida zai jira, mahaifiyarki ta fi ni iya ba da shi a waya. Abin da nake so shi ne in warware miki wannan magana tun daga farko, domin rabinta kawai kika gani kafin ki tafi. Kin san na fi iya magana a takarda, shekarun da na yi a gidan jarida haka suka bar ni. In na zaunar da ke, kanki za ki sunkuyar, ki yi ta cewa to, Baba, ni kuma in rasa ko kin ji ko ba ki ji ba. Takarda kuwa za ki iya ajiyewa ki sake buɗewa ranar da babu idona a kanki.

Ranar da aka tura ki Kebbe a matsayin ma'aikaciyar lafiyar dabbobi, na ji kina gaya wa mahaifiyarki cewa ba hanya ce ta fi damunki ba, ajiyar allurar rigakafi ce. Wuta ba ta tsayawa, rugage suna da nisa, allura kuma in ta ji zafi ta tashi daga aiki. Ba ki roƙe ni komai ba. Ni ne na ji, na ce a raina ga abin da zan yi wa yarinyar nan. Wani tsohon abokin aikina ya nuna mini shafin da ake gwanjon kayan da aka yi amfani da su a intanet. Mai kaya ya sa hoto, masu so su yi ta tayi har lokaci ya cika, wanda tayinsa ya fi ya ɗauka. A nan na ga ƙaramin firij mai batir da farantin sola, wanda mutum zai iya ɗaurewa a bayan babur.

Tun ina yaro nake bin Kakanki kara, inda ake cinikin shanu, ranar kasuwa, don haka na ɗauka na san ciniki. A kara kana buɗe bakin sa ka duba haƙoransa, ka sa a ja shi ka ga tafiyarsa, ka kalli idon dillali, ka juya kamar za ka tafi a kira ka. A waya babu ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hoto ne, da lokaci yana raguwa, da wani mai tayi da ban san ko namiji ne ko mace ba. Duk na taya sai ya ƙara. Ban san sa'ar da na bar sayen firij na koma kokawa da mutumin da ban gani ba. Na kuwa kayar da shi, har na ji daɗi. Sai bayan na biya na gangara ƙasan hoton, na ga sharaɗin da ke rubuce da ƙananan haruffa: ana iya mayar da kaya cikin wa'adi, amma yadda suka zo, a cikin kwalinsu, ba a kwance su ba, ba a taɓa jikinsu ba. Na karanta, na ce ai ba zai kai ga haka ba, na manta. Ni da nake koro yaran ɗakin labarai in sun karanta kanun magana sun bar cikinta.

Inno, ki riƙa karanta ƙaramin rubutu kafin babba. A aikinki, abin da zai cece ki yana gefen kwalba, inda aka rubuta ranar da magani zai lalace da irin sanyin da yake buƙata. Kuma duk sa'ar da kika ji zuciyarki ta yi zafi a kan abin saye, ki tsaya ki tambayi kanki ko har yanzu abin kike so, ko dai ba kya so wani ya riga ki ne.

Kina nan ranar da aka kawo shi daga tasha. Na sa aka ajiye shi a zaure, maƙwabta suka yi ta shigowa, wannan ya shafa, wancan ya ɗaga murfi, kowa yana Allah ya sanya alheri, a mora lafiya. Gwajin da na yi masa ke nan kaf: na jefa ledar ruwa ciki, bayan ɗan lokaci na ciro na miƙa wa Liman. Ya sha, ya ce da sanyinsa. A zafin bazara duk ruwan da ya fito daga inuwa da sanyinsa, kuma Liman ba mutumin da zai sha ruwanka ya kushe ba ne. Na karɓi wannan a matsayin shaida, domin ita nake so in ji. A ranar ne kuma mahaifiyarki ta ga kwalin yana da kyau da kauri, ta ja shi bayan ɗaki ta ba kazarta mai kwanci.

Abin da ba ki gani ba shi ne zuwan Baffanki, domin kin tafi karɓo takardunki. Ya shigo daga Dogon Daji ranar kasuwa, ni kuma ina wurin wani suna. Ya tambayi mahaifiyarki wannan akwatin na mene ne, ta gaya masa. Sai ya ce a hura masa wuta. Ko da na dawo, ƙaurin roba ya cika zaure, ga shi zaune yana fifita murfin da hularsa. A tsakiyar murfin ga shaidar gidanmu, layi biyu da ƙugiya, wadda ke cinyar hagu ta kowace saniya tamu tun zamanin kakana.

Na ce, "Yaya, mi kay yi haka?"

Ya ce, "Kai dai boko ya cinye ka, Garba. Yarinyar ga rugage za ta shiga. Can wa ka karanta suna? Amma wagga shaida, daga nan har bakin gulbi babu makiyayin da bai san ta ba. Wanda duk yag gan ta ya san ɗiyar wa ta, ya san gidan da za a zo a tambaye shi in ƙaya ta soke ta."

Na ce ai roba ce, ba fata ba.

Ya ce, "Shi ya sa ban danna ba. Ɗorawa kawai niy yi."

Har yau ban ga laifin tunaninsa ba. Ni na yi tunanin allura, shi ya yi tunanin yarinyar da za ta ɗauke ta ta shiga daji cikin mutanen da ba su san ta ba. Kin san a gidanmu komai yana da shaida, kwanuka da jan farce, jarkoki da fenti, buhuna da gawayi, domin kaya suna yawo gida gida, kuma wanda ba shi da alama ba ya dawowa. Baffanki ya yi abin da aka saba yi wa duk abin da ya shigo gidan ne. Kuskuren nawa ne, da na ajiye abu a zaure ana yi masa addu'a kafin in tabbatar ya zama namu.

Ki lura da wannan a ofishinku. In an kawo kwalin magani ko sabon babur, ki gwada kafin ki sa hannu, kafin a taru a yaba. Da zarar mutane sun sa wa abu albarka, faɗin aibunsa yana yin nauyi a baki.

Ke ce kika gano firijin ba ya riƙe sanyi. Daga baya mahaifiyarki ta gaya mini cewa kin sa ma'aunin zafinki a ciki, kin ga da safe yana daidai, kafin azahar ya haura abin da allura za ta iya ɗauka. Kin maimaita washegari, kin sake maimaitawa, kika yi shiru. Da kika gaji kika gaya mata, ita ma ta yi ta yawo da maganar tana neman lokacin da ya dace, har sai da ta ga na ci na ƙoshi. Kin san abin da na ce? Na ce yarinya ba ta iya kunna shi ba. Ina so ki ji wannan daga gare ni, kada ki ji daga wani. Washegari na karɓi ma'aunin, na ɗauki littafi, na zauna a zaure tun hantsi har aka kira azahar. Abin da kika gani shi na gani.

Na gode miki, Inno, kuma ba godiyar baki ba. A zaman nan na zaure na yi lissafin abin da zai faru da ba ki auna ba. Allurar da zafi ya kashe ba ta canza kala. Da kin ɗauke ta kin bi rugage kin yi wa shanu, makiyaya su saki jiki, ciwon huhu ya zo ya shiga garke kamar ba a yi komai ba. Mutumin da ya rasa shanunsa ba zai ce firij ba ne. Zai ce allurar yarinyar nan ce, kuma shaidar da ke murfin za ta gaya masa ɗiyar wane gida ce. Shekara mai zuwa ko kyauta kika kai ba zai fito da ɗan maraƙi ba, maƙwabtansa ma haka.

Amma shirun da kika yi ya ci mana rabin wa'adin. Na san dalilinki. Kyautar uba ce, an yi ta murna, kin ji nauyin ki ce ba ta da kyau. Ina godiya ga Allah da tarbiyyar da mahaifiyarki ta ba ki, ba kuma na so ki zubar da ita. Sai dai a wurin aiki wannan kunya tana da tsada, kuma ba ke za ki biya ba, mai saniya ne. In shugabanki ya miƙo miki kwalbar da kika san ta lalace, ki gaishe shi da ladabi, ki gaya masa a ranar, da bakinki, ba ta bakin wata ba.

Ban fi ki ba a wannan. Bayan na tabbatar, ni ma sai da na yi kwanaki ina juya maganar. A garin nan, in an yi ciniki an ce Allah ya sa albarka, mayar da kaya ƙaranta ce. Ga shi duk unguwa ta san na sayo wa ɗiyata firij daga Kaduna ta waya. Har na yi tunanin in tura shi ɗaki in rufe, in nemi wani a ɓoye. Na san sarai malaman fiƙihu sun daɗe da yanke cewa wanda ya sayi abu ya tarar da ɓoyayyen aibu yana da ikon mayarwa, babu abin kunya a ciki. Sanin bai motsa ni ba. Mahaifiyarki ce ta motsa ni. Tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba, ta ce, "Malam, kunyar Liman kake ji, ko ta matar da ba ta taɓa ganin fuskarka ba? In ta Liman ce, ai shi ya sha ruwan, ya sani."

Daga nan sai na faɗa wancan gefen. Na zauna na rubuta wa mai gwanjon doguwar magana, irin sharhin da muke bugawa a shafin tsakiya. Na sa yaudara, na sa cin amana, na yi mata wa'azi a kan haƙƙin mai saye. Na karanta na ji ya yi daɗi, na tura. Amsarta layi ɗaya ce: "Baba, ina wuni. Ka turo bidiyo in gani." Na daɗe ina kallon layin. Na yanke wa mace hukunci ban ji ta bakinta ba, abin da ko ɗan koyo ba a yafe wa a aikinmu. Ita kuma ta gaishe ni, ta nemi hujja.

In za ki yi ƙorafi, ki faɗi abin da kika saya, da abin da yake yi, da abin da kike so a yi miki. Zagi ba ya ƙara wa magana ƙarfi, yana dai ba wancan abin da zai riƙe ya bar ainihin zancen. Ranar da makiyayi ya zo miki a fusace, kuma zai zo, ki yi yadda matar nan ta yi. Ki gaishe shi, ki ce ya kai ki ki ga saniyar.

Bidiyo kuwa ba ya yiwuwa sai murfin da shaidarsa sun fito a ciki. A lokacin kin riga kin tafi. Na nuna wa mai shagon wayar da ke bakin titi, ya ce wannan ai ba komai ba ne, ya ɗauko wata babbar sitika mai hoton furanni. Na saya, na liƙa a kan shaidar, ta rufe ta ruf. Na ɗauki bidiyon, ya yi kyau. Ba zan ce miki tsoron Allah kaɗai ya hana ni turawa ba, ko da yake ina fatan yana ciki. Wata tambaya ce ta tsaya mini. Ke kin auna ne bayan Baffanki ya ɗora ƙarfensa. Kafin nan babu wanda ya auna sai Liman da harshensa. A cikin murfin akwai abin da ke riƙe sanyi, kuma ban san ko zafin ya kai gare shi ba. Ke nan ban san ko da ciwonsa ya zo ko a zaurena ya same shi ba. In na rufe shaidar, na ce wa matar nan na san abin da ban sani ba.

Na ɓamɓare sitikar. Na ɗauki hoton wurin kusa kusa, na rubuta mata cewa mu muka yi wannan, kafin mu gwada, kuma ba zan iya rantsewa ba shi ya jawo ba. Na ba ta haƙuri a kan saƙon farko.

Sai washegari ta kira.

Ta ce, "Baba, wannan zanen fa? Na nuna wa maigidana, ya ce in yi hankali ko asiri ne."

Na ce shaidar shanunmu ce.

"Shanu? Firij ɗin kuka yi wa lamba kamar saniya?"

Na ba ta labarin Baffanki da abin da ya ce. Ta yi dariya har tana tari, na ji tana maimaita wa wani a gefenta. Da ta natsu sai ta ce, "Ka'ida dai kun karya ta, Baba. Ina da ikon in ce a'a."

Na ce tana da shi.

Ta ce, "Wasu sitika suke liƙawa. Ni kuwa duk kayan da ya dawo da sitika, kafin in kunna nake ɓamɓarewa. In na ga abu a ƙasa, magana ta ƙare, ko kotu za a je."

Ban gaya mata cewa tawa tana nan a aljihuna ba. Ta ce in turo, mai gyaranta ya buɗe, kowa ya ɗauki abin da yake nasa. Wa'adin ma ya cika ana wannan kai da kawowa, amma ta ce za ta ƙirga daga ranar saƙona na farko, wato mai zagin. Ban san sunan mahaifinta ba, ban san ko sallarmu ɗaya ba, amma ina sa ta a addu'a. Ta yi mini adalcin da ban fara yi mata ba.

Shawarata a nan gajera ce. In kina da hannu a ɓarna, ki riga kowa faɗa, ki faɗi iyakar abin da kika sani da inda saninki ya tsaya. Za ki yi allura wata rana dabba ta mutu, ba ki san ko allurar ce ko ciwon da ke jikinta ne ba. Kada ki rantse da ɗayan biyun. Ki ce ba ki sani ba, ki nemi wanda zai duba.

Saura kwali. Kazar mahaifiyarki tana tsakiyar kwanci a ciki, mahaifiyarki kuma ta ce in an tashe ta za ta watsar da ƙwan. Muka yi ciniki da ya fi na gwanjon wuya. A ƙarshe aka kawo tsohon kwando, aka kwashe ƙwan da ciyawar gaba ɗaya, kazar ta sassare ni a hannu, ta koma ta kwanta. Na goge kwalin, na shanya shi a rana, amma warin bai gama fita ba, haka na rubuta wa matar don kada ta sake kiran maigidanta. Na ɗauki hoton firijin ta kowane gefe kafin in rufe. Direban da ya ɗauka, da na ce masa a tsaye ake so ya tafi, bai jefa shi a but ɗin mota ƙarƙashin buhuna ba. Ya ɗaure shi a kujerar da ke kusa da shi, ya ce tun da na asibitin shanu ne, shi ma yana da biyu a ƙauye. Da ya isa ya kira ni a gaban matar. Ki riƙa ajiye kwalin abu har sai kin tabbatar da abin. Kuma ki riƙe mutuncin direbobi da masu babur, rabin aikinki a hannunsu yake.

Yanzu maganar da ta fi damuna. Baffanki ya ji labari, ban san ta bakin wa ba. Ya zo da sassafe yana jan karsanar nan ja da yake ji da ita. Bai shiga zaure ba.

Ya ce, "An ce ƙarfena ya ɓata kayan yarinya."

Na ce ba a tabbatar ba, Yaya.

Ya ce, "Ka kai ta kara. Abin da anka ba ka, ka sai mata wani."

Na ce ba za a yi haka ba. Na ce ya shigo ya sha fura. Ya ɗaure ta a turken ƙofar gida, ya ce yana da sauri, ya tafi. Tun ranar bai sake shigowa kasuwa ba, mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi. Sai dai in wani ya zo daga Dogon Daji ya ce Mani ya ce a tambaya ko an ji daga Kaduna. Karsanar tana cin harawarmu, ba na iya sayar da ita, ba na iya mayar masa, domin in na mayar yanzu zai ɗauka tausayinsa na ji. Kuɗin nan ina so su dawo, ba zan ɓoye miki ba, domin da su zan sayo miki wani. Amma abin da na fi so shi ne in iya zuwa in tsaya a gabansa in ce, Yaya, ba kai ba ne, kuma ya zama gaskiya na faɗa.

Ki kira shi. Kada ki tayar da maganar firij. Ki tambaye shi sunan duk ardon da ya sani a wajen Kebbe, da wanda za ki fara gaisarwa, da yadda ake shiga ruga in maigida ba ya nan. Ya fi ni sanin wannan nesa ba kusa ba, kuma yana buƙatar ya ji cewa har yanzu ana neman abin da ke hannunsa. Za ki haɗu da mutane irinsa da yawa, waɗanda za su yi miki ɓarna saboda suna sonki. Ɓarnar gaskiya ce, son ma gaskiya ne. Ki gyara ɗayan ba tare da kin taka ɗayan ba.

Goggonki ta ce wani mai kemis a nan Kebbe ya ba ki gefe a firijinsa, kina fita da allurar a cikin kula mai ƙanƙara. Ki gaishe mini da shi, ki ce na gode, kuma in Allah ya kawo ni zan zo har shago. Kada ki yi nisan da ƙanƙarar ba za ta kai ba, ko da an matsa miki. Ki riƙa gaya wa Goggonki inda kika nufa da wanda zai kai ki. Kada la'asar ta same ki a daji. In an ce wata hanya ba lafiya, ki yarda, kada ki je ganin ido. In ruwa ya sauka gulbi ya kawo, ki kwana inda kike a gidan mutunci, aiki zai jira.

Ina godiya ga Allah da ya ba ni ɗiyar da take auna abu kafin ta yarda da shi, ko da ubanta ne ya kawo. Allah ya tsare ki a tafiya da zama, ya tsare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya sa hannunki ya zama sanadin lafiya ga dukiyar bayinsa. Allah ya haɗa ki da masu adalci, ya sa ke ma ki zama mai yi wa wasu. Mahaifiyarki tana gaishe ki, ta sa kuka da daddawa a cikin ledar da ke tare da wannan takarda, rabi na Goggonki ne. Ƙannenki suna gaisuwa.

Wassalam.

Mahaifinki.

Ina shirin naɗe takardar saƙo ya shigo daga Kaduna. Mai gyaran ya buɗe. Ya ce ya ga alamar gas yana yoyo a wani bututu da ke ƙasa, kuma ga dukkan alamu tsohon yoyo ne. Murfin kuwa bai kwance shi ba tukuna. Matar ta ce ita ba ta gani da idonta ba, kuma sai ya toshe wurin, ya cika gas, ya bar shi ya wuni a rana da murfin yadda yake, sannan za ta ce e ko a'a. Ban aika wa Baffanki ba. Ta ce gobe bayan la'asar.